Rabon Dattijo a Jaridar Baba

Mahaifina bai taɓa gama wasan cike gidaje na bayan jarida shi kaɗai ba, kuma ba don bai iya ba. Rabi yake yi ya ajiye fensir. Ɗaya rabin na abokinsa ne, wanda muke kira Dattijo saboda dattijo ne a cocinsu. Mutumin Filato ne, dogo, kunnensa ɗaya ya daina aiki tun yana saurayi, shi ya sa idan yana magana unguwa duka take ji. Tare aka kwaso su daga Legas lokacin da ma'aikatarsu ta dawo Abuja, aka zube su a gidajen ƙananan ma'aikata a Nyanya, mu a wannan layi, su a na bayanmu. Dukansu akawuna ne, a makaranta iri ɗaya aka koya musu buga tafireta da rubuta manyan baƙaƙe a tsaye cak.

Ga wanda bai san wasan ba, wani fili ne a shafin ƙarshe da aka yanka ƙananan gidaje, wasu baƙaƙe wasu farare, aka jera tambayoyi a gefe. Amsar kowace tambaya kalma ce, harafi ɗaya a gida ɗaya. Wasu kalmomin a kwance ake rubuta su, wasu a tsaye, suna ratsa juna. Jaridar ta Turanci ce, tambayoyinta kuwa a ganina duk shirme ne: sunan rawar da Turawa ke yi a kan yatsun ƙafa, ƙasar da ta ɗauki wani kofi tun ba a haife ni ba, kayan kiɗa mai tsirkiya shida, jarumar wani fim da ba wanda ya taɓa gani a layinmu. Magidanta biyu masu furfura, ana bin su kuɗin makaranta, amma abin da ke hana su sukuni shi ne wa ya zana wani hoto a Faransa.

A motar ma'aikata rabon ya samo asali. Duk wanda ya zauna a Nyanya ya san hanyar shiga gari da safe: mota ta yi taku biyu ta tsaya, hayaƙi ya cika maka hanci, mai tallan burodi ya wuce ku ya dawo ya sake wuce ku. Jarida ɗaya suke saye. Baba ya cike na kwance a hanyar tafiya, Dattijo ya cike na tsaye a hanyar dawowa. Ba a leƙa amsar da za ta fito a jaridar gobe, ba a tambayar kowa, kuma ba a taɓa rabon wani ko da amsar tana kan harshe. In Dattijo ya bar gida ba harafi, Baba ya yi ta masa dariya har Asabar. Banda wannan, abin da ke haɗa su faɗa shi ne ƙwallo. Baba yana bayan wata ƙungiyar Ingila mai jar riga tun ana jin wasa a rediyo, Dattijo kuma ya tsane ta tsana ta Allah da Annabi, ba don yana da tasa ba, don dai ta Baba ce.

Sai aka koma mulkin farar hula, kuɗi suka shigo garin. Ko'ina ka duba ana haƙa, ana zuba kankare, ana ɗora bene a kan bene. Su Baba suka yi ritaya a tsakiyar wannan hidima ba tare da ta taɓa su ba. Da gwamnati ta sayar wa ma'aikata gidajenta, mu muka haɗa ƙarfi da ƙanin Mama muka riƙe namu. Dattijo bai samu mai tallafa masa ba, ya kwashe kayansa ya koma wata unguwa kusa da Idu, ya kama aikin tsaron sito a wani kamfanin kayan gini. Shi ne ma ya yi mini hanya na samu aiki a ofishin kamfanin da ke kallon nasu. Daga ranar na zama 'yar aike. Baba ya cike nasa da yamma, in saka jaridar a jaka, in miƙa wa Dattijo da safe a bakin get, in karɓo in an tashi.

"Yarinya, ka gaya ma Babanka," haka yake ce mini, don Hausarsa ba ta raba mace da namiji, "wannan namba bakwai nashi is rong. Ya ɓata mini layi gaba ɗaya. Tsufa ya kama shi."

In na isar da saƙon, Baba ya ce, "Ki ce masa ya wanke kunnen, ko idon zai buɗe."

Na yi ta jigilar zagi tsakanin Nyanya da Idu, ina mita, ina cewa ni da digirina an mayar da ni masinja. Ba wanda ya kula ni.

Wata safiya Baba ya sunkuya zai ɗauki buta, bai miƙe ba. Hawan jini ne ya buge shi, ɓarin hagu ya shanye, baki ya karkace. Allah ya sa hannun dama ya tsira. Ranar da za a sallame mu daga asibiti likita ya ja ni da Mama gefe, ya ce bugu na biyu shi ne abin tsoro. Ya ce a kiyaye masa gishiri, a kiyaye masa magani, sannan a kiyaye masa tashin hankali, kada a kawo masa labarin da zai girgiza shi. Mama ta riƙe wannan magana kamar aya.

Baba mutum ne mai jin kansa. Da ya ga yawu yana zubo masa ba da saninsa ba, magana kuma sai ya yi kokawa da ita, sai ya daina son baƙi. Dattijo ya zo sau da yawa, amma hira ta gagara: ɗaya ba ya iya faɗa, ɗaya ba ya iya ji. Waya ma haka. Sai jaridar ta zame musu baki da kunne. Rubutun Baba ya fara da rawa, yana hawa kan layi, daga baya ya daidaita. Duk yamma in na shigo, kafin in cire takalmi zai miƙo hannu, ya ce, "Dattijo?" In ce, "Yana gaishe ka." Ya sa tabarau ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai ko yana tsaki.

Ran nan na isa Idu da jaridar a hannu, ban ga dogon mutum a bakin get ba. Mai gadi ya taso ya tare ni, yana ta juya hularsa. Ya ce jiya bayan an tashi, Dattijo yana tsallaka titi, wata tifa mai ɗauke da yashi ta zo ta bayansa. Direban ya ce ya yi ta danna hon. Ta ɓangaren kunnen da ba ya ji ta fito. Kafin a kai asibiti ya cika.

Ban shiga ofis ba. Na je gidansa na tarar da matarsa zaune a ƙasa, matan coci sun kewaye ta suna waƙa a hankali. Ta riƙe hannuna ta ce, "Babanki fa? Kada ku gaya mishi. Zai bi shi." Da na koma gida na wuce kicin kai tsaye, na faɗa wa Mama ƙasa-ƙasa. Ta dafa bango, ta yi salati, ta share ido da bakin zane. Sannan ta ce abin da matar Dattijo ta ce, ba ragi ba ƙari.

Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba. A wurinmu ba a kai wa majinyaci labarin mutuwa. Ana cewa wane jikin ya ɗan matsa, ko ya yi tafiya, sai mara lafiya ya yi ƙarfi a faɗa masa a tsanake, da babba a kusa. Na ga an yi wa kakata haka da ƙanwarta ta rasu, kowa ya yaba da hankalin da aka yi. Bambancin kawai, ita kakata ba wanda yake aiko mata da rubutu kullum.

"Jaridar fa?" na ce wa Mama. "Yanzu zai miƙo hannu."

Ta dubi jakata, ta dube ni. "Ba kin yi boko ba? Ki cike."

A tsaye a kicin na cike abin da na iya, albasa tana ƙonewa a kasko. Na fita na miƙa masa. Ya ce, "Dattijo?" Na ce, "Yana gaishe ka." Ya duba, ya ga gidaje da yawa ba komai, ya yi dariyarsa ta gefen baki ɗaya, ya ce, "Yau... ya sha kashi."

Daga nan na ɗauki abin da gaske. A ƙarƙashin gadon Baba akwai tsofaffin jaridu tuli, waɗanda Mama ta sha neman ba mai tsire yana hanawa. Na riƙa zare su kaɗan-kaɗan ina tafiya da su ofis. Rubutun bai ba ni wahala ba, manyan baƙaƙen akawu ne, nasa da na Baba kusan ba a raba su. Abin da ya ci mini lokaci shi ne koyon kan mutumin. Na gano ya san dambe ciki da waje, ya san masu gudu da masu tsalle, ya san kiɗan coci da na makaɗan Legas na da, da finafinan kaboyi. Na gano bai san ko ɗaya daga mawaƙan da aka yi bayan ya yi aure ba, finafinan Indiya kuwa ko oho. Don haka sai in nemi amsoshin a kwamfutar ofis, in rubuta waɗanda zai sani, in bar waɗanda ba zai sani ba. Akwai ranar da aka tambayi sunan mawaƙiyar da ke cikin wayata a lokacin, ina jin ta a kunne, na bar gidajen fari fat.

Aka kai Dattijo ƙauyensu aka binne. Ni da Mama muka je gaisuwa kafin a tafi da shi, muka ce wa Baba bikin suna za mu. Da ya tambayi abin da ya hana abokinsa leƙowa, na ce gwiwa ce ta matsa masa, ga hanya ba daɗi. Gwiwar nan ta yi mini aiki ƙwarai, har magani Baba ya sa aka sayo na man shafawa, ya ba ni in kai. Yana cikin durowata a ofis har na bar kamfanin.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne dabarar ta yi aiki. Jinin Baba ya sauka. Ya fara takawa da sanda zuwa bakin ƙofa, maganarsa ta fara fita. Likita ya ce duk abin da muke yi mu ci gaba. Mama ta ce a bari sai bayan azumi a faɗa masa. Azumi ya wuce ta ce a bari a yi Babbar Salla. Ni kuma kullum da rana, lokacin da abokan aikina suke fita cin abinci, ina zaune da fensir ina zama mamaci. Wani lokaci in ji ina son in rubuta masa zagi a gefen shafi yadda ya saba aikowa da baki, sai in tuna ba ni da muryar. Na tsani wasan nan a watannin, na kuma iya shi fiye da su biyun.

Ranar da abin ya ƙare ba ta da wata alama. Cikin tambayoyin tsaye akwai wadda ta ce a faɗi ƙungiyar ƙwallon Ingila mai jar riga da ake yi wa wani laƙabi. Ko kwamfuta ban buɗe ba. Na tashi ina jin sunan nan a gidanmu safe da yamma, kuma na gan shi a rubuce a tsaye a tsofaffin jaridu ba sau ɗaya ba. Na rubuta shi na farko, na ji daɗin samun mai sauƙi, na wuce sauran.

Bayan Magariba na shigo. Baba yana kan kujerarsa a falo, Mama tana tsince shinkafa a faranti. Ya ce, "Dattijo?" Na ce, "Yana gaishe ka." Ya sa tabarau. Na juya zan shiga ɗaki sai na lura ban ji tsaki ba, ban ji dariya ba. Yatsansa yana kan wuri ɗaya, bai motsa ba.

"Zo," ya ce.

Na dawo na durƙusa kusa da shi.

"Wa... ya rubuta wannan?"

"Dattijo mana, Baba."

Ya girgiza kai a hankali. "Ba ya rubutawa. Ya rantse... hannunsa ba zai rubuta ba. Bari yake yi." Ya numfasa, ya tattaro sauran maganar da ƙyar. "Ni nake cikewa. Shi kaɗai... nake taɓawa a nasa."

Farantin Mama ya tsaya. Ita ta san da rantsuwar, tun a Legas aka yi ta bayan wani wasa da suka kusa ɓatawa a kansa. Amma Mama ba ta karanta Turanci, ba ta taɓa duba abin da nake rubutawa ba, ni kuma ba wanda ya taɓa gaya mini. Duk sunan da na gani a tsofaffin jaridu, Baba ne ya rubuta shi bayan na kawo masa, yana jin daɗinsa shi kaɗai.

Na buɗe baki zan ce wataƙila ya huce ne, tsufa ya sa ya manta. Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Bai dube ni ba, Mama ya duba.

"Yaushe?"

"Malam, ka kwantar da hankalinka..."

"Yaushe?"

"Kafin azumi," in ji Mama.

Ya yi lissafi a ransa, na ga leɓensa yana motsi. "An kai shi gida?"

"An kai shi."

Muka zuba masa ido muna jiran abin da likita ya faɗa. Na riga na ɗauko na'urar awon jini, Mama ta riga ta miƙe tana neman mayafi. Bai yanke jiki ya faɗi ba. Ya juya fensir, ya goge sunan harafi bayan harafi, ya hure dattin, ya bar gidajen yadda Dattijo zai bar su. Ya riƙe fensir a kansu ya daɗe, sannan ya ajiye shi a kan tebur ba tare da ya rubuta komai ba. Jininsa ya hau a daren amma bai kai inda muke tsoro ba.

Da gari ya waye ya sa babbar riga ya ce a kai shi gaisuwa. Muka ce matar ta koma ƙauye. Ya ce a kai shi. Na ɗauki shatar tasi, muka ratsa garin gaba ɗaya, yana kallon benayen da aka gina tun kwanciyarsa. A gidan muka tarar an yi sabon fenti, wasu mutane sun shiga. Wata matashiya da goyo ta fito tana tambaya wa muke nema. Baba ya tsaya a kan sandarsa, ya dubi ƙofar, ya dubi matar da ba ta taɓa jin sunan Dattijo ba, ya ce mata, "Ya haƙuri?" Ta dube ni tana neman bayani. Na ce mata ta amsa kawai. Ta ce, "Da godiya, Baba." Ya gyaɗa kai muka juyo.

Mutane sun ce mun yi daidai, wasu sun ce mun daɗe da yawa. Ni ban san wanda zan ba gaskiya ba, kuma na gaji da masu ra'ayi waɗanda ba su taɓa ɗaga mahaifinsu daga ƙasan banɗaki ba. Abin da na sani shi ne Baba ya rayu shekaru bayan haka, bugun na biyu bai zo ba sai can. Bai yi mana faɗa ba ko sau ɗaya. Ya ci gaba da sa a sayo jarida, ya cike na kwance, ya ninke ya tura ƙarƙashin gado. Sai dai wani abu ya shigo gidan wanda ba mu yi shirinsa ba. Duk wanda aka ce yana gaishe shi, sai ya ɗago ya ce, "Da rai?" Ƙaninka na Katsina yana gaishe ka, Baba. "Da rai?" Limamin layinmu ya ce a duba ka. "Da rai?" Da farko baƙi suna dariya, suna zaton barkwancin tsofaffi ne. Mu ba mu taɓa dariya ba.

Wata shekara yayar Mama ta kwanta ciwo a Zariya, Mama ta tafi jinya. Ta yi masa sallama da kanta, ya ga fitarta da jaka. Kwana biyu lafiya lau. A na uku ya ƙi cin abinci, ya sa aka fitar masa da kujera bakin ƙofa, ya zauna yana kallon hanya. Na kira ta a waya na kara masa a kunne, layin yana yankewa, muryarta tana zuwa guntu-guntu. Ya saurara ya ture wayar. Na ce masa Mama lafiyarta ƙalau, jibi za ta dawo, tana gaishe shi. Da kalmar ta fita daga bakina na so in mayar da ita.

"Da rai?" ya ce.

"Wallahi da ranta, Baba. Yanzu fa ka ji muryarta."

"Ki rantse."

Na shiga na yi alwala, na ɗauko Alƙur'ani, na durƙusa a gabansa a bakin ƙofa, mutane suna wucewa suna kallonmu. Na dafa na rantse masa mahaifiyata tana da rai. Ya dube ni da idon nan nasa da ya fara yin fari, ba fushi a ciki, sai tsoro.

"Ke ce fa," ya ce, "kika iya rubutunsa."

Ya mayar da fuskarsa kan hanya. Abincin yana gefensa a rufe har Mama ta sauka daga mota.